Kundin aikin lambun dabino, goriba da giginya a bayan gida

12 Maris 2023

Filin yana bayan gida a gefen garin Dutse, mita 15 a faɗi, 30 a tsawo. Ƙasar jigawa ce, rairayi a sama, sai an yi zurfin kamu biyu ake tarar da jar ƙasa mai ɗan danƙo. An haƙa ramin gwaji na santimita 60 aka cika shi da ruwa da hantsi, kafin la'asar ya tsotse. Wannan ya isa shaida cewa ruwa ba zai kwanta a saiwa ba, sai dai a lungun yamma inda indararo ke zuba.

Abin da ake son tarawa shi ne dangin dabino da ƙasar nan ke ɗauka: dabino, goriba, giginya da kajinjiri, sannan a gwada kwakwa da na ado iri biyu. Akwai macen dabino guda da aka tarar a filin, shekarunta ba su wuce goma sha biyu ba, tana da 'ya'ya biyar a gindi. An tara ƙasa mai laima a gindin manyan biyu yau domin su yi saiwar kansu kafin damina.

Duk tsarin lambun ya rataya a kan halin waɗannan bishiyoyi. Kowane gangar jiki zuciya ɗaya gare shi, can a tsakar kai inda sabon ganye ke fitowa, in ta ruɓe ko aka sare ta, wannan gangar ya tafi. Kuma ba su da ɓawon da ke rufe rauni kamar na mangwaro ko darbejiya. Ƙusar da aka buga yau, raminta na nan har bishiyar ta faɗi. Saboda haka ba a ɗaura igiyar shanya da ƙusa a jikinsu, ba a kuma dasa su a inda wayar wuta ta ratsa sama, don ba a rage musu tsawo.

Tazara: mita 8 tsakanin dabino da dabino, mita 3 daga katanga, nesa da ramin masai.

26 Maris 2023

An jiƙa ƙwallayen dabino iri uku: na Agadas, Deglet Nour da Ajwa. A wanke ƙwallon sosai har zaƙin ya fita, domin ragowar naman ne ke jawo fumfuna da tururuwa. Kwana uku a ruwa, ana sauyawa kullum. Haɗin ƙasa: rairayi kashi biyu, kashin shanu da ya ruɓe ya zama baƙi kashi ɗaya, ƙasar lambu kashi ɗaya. Ana kwantar da ƙwallon a zurfin santimita 2, ɓangaren da ke da ɗan ɗigo a bayansa nan ne tsiron zai fito.

Kada wanda ya shuka ƙwallon Ajwa ya sa rai da Ajwa. Kusan rabin abin da zai tsiro maza ne, matan kuma kowace da irin 'ya'yanta, galibi ba su kai uwar ba. Ba a gane jinsin sai sun yi fure, shekara biyar zuwa takwas nan gaba. Amfanin shuka ƙwallo a lambu irin wannan shi ne samun namiji na gida da kuma ganyen ado. Mai son 'ya'ya masu suna sai ya nemi ɗan gindi.

20 Afrilu 2023

Yawancinsu sun fashe cikin mako uku, zafin bazara ya taimaka. Abin da ke fara fitowa farin zare ne mai kauri, yana nutsawa ƙasa yana ɗauke da ƙwayar tsiron, daga can ƙasa ganye zai taso. A ledojin ruwan sha da aka gwada, masu tsawon santimita 12, zaren ya bugi gindin leda ya nannaɗe, wasu sun turo ƙwallon sama. An mayar da su baƙar leda mai zurfin santimita 35, an huda ta a ƙasa da gefe. Ganyen farko guda ne, miƙaƙƙe kamar na gero, kuma haka na biye za su zo har wajen shekara kafin a ga mai rarrabuwa. Akuya na cinye shi a cizo ɗaya.

Ledojin suna ƙarƙashin rumfar zana, rana na samunsu da safe kaɗai. Baƙar leda a tsakar ranar Afrilu tana dafa saiwar da ke jikinta.

14 Mayu 2023

Goriba da giginya. Su biyun ba sa son a taɓa su bayan sun tsiro, kuma a nan ne masu tara bishiyoyi ke yawan asara.

Giginya an shuka ta kai tsaye a inda za ta zauna, a ƙuryar gabas, mafi nisa da ɗakuna. An zaɓi nunannun 'ya'yan da suka faɗo da kansu, aka fasa, aka raba ƙwallayen, yawanci uku ne a cikin kowane. An sassauta ƙasa da dagi zuwa zurfin mita ɗaya, aka mayar, aka ajiye ƙwallo a sama aka rufe da ƙasa santimita 10. Zaren giginya yana nutsawa can ƙasa, a can yake kumbura ya zama muruci, daga murucin ganye ke tasowa. Leda ko tukunya ba ta ɗaukar wannan. An kewaye wurin da ragar waya an binne bakinta, saboda gafiya da kurege, da kuma yaran da suka san daɗin muruci.

Nisan da aka ba ta na da dalili. Ɗan giginya guda yana haura kilo ɗaya, yana kuma faɗowa daga tsayin da ya kai mita ashirin, rufin kwano ko kan yaro ba za su ji da daɗi ba. Mai neman inuwar tsakar gida kuma ya tuna abin da aka ce, inuwar giginya na nesa ka sha. In ta fito namiji babu 'ya'ya, amma itacensa masu gini suka fi so a azara.

Goriba an kankare naman da wuƙa har aka kai ƙodagon, aka jiƙa mako guda. Rabi an shuka a ƙasa, rabi a bututun roba mai faɗin inci 4, tsawon santimita 70, wanda aka tsaga gida biyu aka ɗaure da waya. Ranar dashe sai a kwance wayar a cikin rami, ƙasar ta zauna yadda take, saiwa ba ta motsa ba.

2 Yuli 2023

Ruwa ya zauna, an cire 'yan gindi biyu daga macen dabinon. Ga yadda aikin yake.

Ramin tun watan jiya aka haƙa shi, mita ɗaya ta kowane ɓangare. An cakuɗa ƙasar sama da baro biyu na ruɓaɓɓen taki aka mayar, ruwan sama ya danne ta. A tsakiya aka buɗe ƙaramin gurbi daidai gindin, aka zuba masa rairayi zalla domin taki kada ya taɓa wurin yanka.

Ɗan gindin da ya isa cira shi ne wanda ya shekara uku zuwa biyar a jikin uwa, nauyinsa kilo 10 zuwa sama, da saiwarsa. Ƙanana suna da sauƙin cira, shi ya sa ake yawan sayar da su, kuma su ne ke mutuwa, don abincin da ke gindinsu ba ya kai su lokacin da sabuwar saiwa za ta kama. An sare ganyayen ƙasa, na sama aka rage musu rabi aka tattara aka ɗaure. Sai aka yaye ƙasa a hankali har mahaɗar ta fito fili, wani ɗan wuya ne mai tauri tsakanin ɗan da uwar. Nan ake kafa dagi mai faɗin baki da aka wasa, mutum ɗaya ya riƙe, ɗaya ya buga da guduma. Yanka guda mai santsi ake nema. Ba a ɓanɓara, ba a girgiza, ba a kuma jefar da shi ƙasa, domin zuciyar tana tsagewa a ciki ba tare da an gani ba, sai bayan wata biyu a ga ya bushe.

An shafa maganin fumfuna mai sinadarin jan ƙarfe a raunin ɗan da na uwar, aka rufe na uwar da ƙasa nan take. Ƙamshin sabon yanka shi ke kiran ƙwaron nan mai dogon baki da ke ƙwai a cikin gangar dabino da kwakwar manja. Sauran 'ya'ya ukun an bar su, cire duka a lokaci ɗaya yana raunana uwar.

Wajen dasawa, inda gindin ya fi kauri shi ke daidai da fuskar ƙasa. An danne ƙasa da ƙafa sosai kada iska ta rage a saiwa, aka yi fangali zagaye da ɗan tudu a tsakiya yadda ruwa ba zai taɓa zuciya ba, aka naɗe ganyen da buhun algarara aka bar saman a buɗe. Ban ruwa kullum a makon farko in ba a yi ruwan sama ba, daga nan bayan kwana biyu ko uku.

19 Agusta 2023

Ɗan gindin da ke lungun yamma ya ruɓe. Ganyen waje suna nan kore, abin da ke ruɗar mutane ke nan, amma da aka ja ganyen tsakiya ya zare ba wuya, gindinsa baƙi yana wari. Ruwan indararo ya kwanta a fangalin, ƙasar ramin ta ƙara nutsawa, zuciyar ta koma ƙasa da bakin ruwa. An tone shi, an ƙone, an bar ramin a buɗe rana ta gasa shi. An karkatar da indararon da ƙaramin lambatu. Na biyun tsakiyarsa na nan da ƙarfi. An ja layi da alli a jikin ganyen tsakiya da na kusa da shi, in layin ya rabu nan da mako biyu, yana girma.

An sayo na ado daga masu sayar da shuke-shuke a bakin titi: Roystonea regia, mai santsin jiki ɗan asalin Kuba, da Dypsis lutescens na Madagaska mai fitowa tuli. Kafin a biya a ɗaga ledar a duba. Wadda saiwarta ta huda ta shiga ƙasa aka tsinke ta da ƙarfi, ganyenta zai yi kyau a ranar, ya ƙone bayan mako.

8 Oktoba 2023

Goriba ta fito a bututu da a ƙasa, ganye guda mai tauri, launinsa kore mai toka-toka. Giginya shiru. Ba za a tona a duba ba, murucin yana aikinsa, kuma karce kaɗan ya isa ya ruɓar da shi. Ruwa jarka ɗaya a mako.

A kan uwar dabino an ga sabbin ganye biyu sun buɗe da yanka mai kusurwa kamar an sa almakashi. Aikin buzuzu mai ƙaho ne, yana shiga da dare ya huda ganyen tun yana naɗe. An zaƙulo guda da waya mai lanƙwasa daga ramin da ya yi, aka cika hammatar ganyen sama da rairayi gauraye da garin ƙwallon darbejiya. Tushen matsalar juji ne: da aka juya tarin takin shanu da ke jikin katanga an tarar da gwazarma birjik. An baje takin kaji suka tsince, an kuma matsar da jujin daga lambun.

17 Disamba 2023

Hunturu ya rarrabe su. Dabino da goriba ko a jikinsu. Kwakwar da aka kwantar a gefenta cikin Yuni, aka binne kashi biyu cikin uku, ta tsiro a Satumba, yanzu bakin ganyenta duk ya ƙone, sabon ganyen ya tsaya. Kwakwa bishiyar iska mai laima ce irin ta Badagiri, ruwan da aka zuba a gindi ba ya maye gurbin laimar iska. An kafa mata zana ta gabas da arewa, ana ba ta jarka ɗaya kullum. Roystonea ma haka take sha. Dypsis an mayar da ita inuwar zaure.

Ruwan da kwakwa da Roystonea ke sha a mako ya fi na dukan goribar da dabinon leda a haɗe. Abin takaici ne a ce gidaje na kashe kuɗi da ruwan burtsatse a kansu, alhali goriba, wadda ke rassa ta yi kyan da kaɗan ne a dangin nan ke da irinsa, ba a samun ta ko a wurin mai sayar da shuka guda. Mutane sun saba ganinta a matsayin kaba, gajeren kurmin da ake yanka don tabarma da igiya kamar yadda ake yi a Gulbin Kaba ta jihar Maraɗi. Yawan yankan ne ke hana ta tashi. A nan ba za a yanki ganye ko ɗaya ba sai ta yi gangar jiki.

An shimfiɗa busasshiyar ciyawa a fangaloli, an bar tafin hannu biyu tsakaninta da gindi saboda gara.

28 Janairu 2024

Barbara. Uwar dabinon ta fitar da kube bakwai, wato kwanson da furen ke ciki, na farko ya tsage shekaranjiya. Tun makon jiya aka sare ƙayoyin gindin ganye, ƙayar dabino tana karyewa a cikin nama ta kumbura.

Furen namiji an samo shi daga wata gona a kusa, namiji ɗaya yana isar mata ashirin da biyar ko fiye, don haka manoma ba sa rowarsa. Ana yanko kuben da safe, daidai lokacin da ya fara tsagewa. Furensa fari ne, cunkushe, in aka kaɗa gari na tashi. Na mace ƙananan ƙwayoyi ne jere a kan zare, ba gari. An rarraba zaren namijin aka shanya a kan takarda a ɗaki, ba a rana ba, ba a cikin leda ba, laima na kashe garin.

Kwana biyu zuwa uku bayan kuben mace ya buɗe shi ne lokacin da ya fi kamawa. Da hantsi ake hawa, bayan sanyi ya saki, kafin iska ta tashi. A cire kuben, a kaɗa zaren namiji a kan nonon, a cusa uku ko huɗu a tsakiya kansu na kallon ƙasa, a ɗaure nonon sako-sako da ganyen dabino yadda zai kwance da kansa in 'ya'ya sun yi girma. Kuben ba sa buɗewa tare, sai an riƙa dubawa duk bayan kwana biyu har su ƙare. Ragowar garin, in ya bushe sarai, ana zuba shi a kwalba mai murfi a ajiye a firji, yana kai wa baɗi.

A rubuta daga wane namiji aka ɗebo. Namijin yana shafar girman 'ya'yan da lokacin nunarsu, kuma a ƙasar da damina ke riskar dabino a kan bishiya, mako guda na saurin nuna ba ƙaramin abu ba ne.

17 Maris 2024

Nono shida sun kama. Na bakwai, wanda ya buɗe a ranakun ƙura aka makara a kansa, ya fito da 'ya'ya uku-uku a gurbi ɗaya, ƙanana, ba ƙwallo. Furen da ya sami gari ɗa guda yake rainawa, sauran biyun su zube. An sare wannan nonon.

Ana lissafa ganye takwas zuwa goma masu lafiya ga kowane nono, bishiyar na da wajen hamsin, don haka an rage zuwa biyar. A kowanne an datse kashi ɗaya cikin uku na tsawon zaren, an cire 'yan zaren tsakiya don iska ta ratsa. An sunkuyar da marikin nonon a hankali tun yana da taushi aka ɗaure shi a jikin ganye. Ruwa yanzu jarka takwas sau biyu a mako, a faɗaɗɗen fangali, da yamma.

Giginya ɗaya ta huda ƙasa, ganye guda kamar takobi.

23 Yuni 2024

'Ya'yan sun yi rawaya, sun cika, suna da garɗi da ɗan bauri. Ruwan sama biyu da aka yi sun tsaga fatar waɗanda suka fara laushi, ƙudaje da tsami suka biyo. Dabino na shan ruwa ta fata a wannan mataki, ya kumbura ya fashe. An rufa wa nonon hular takardar buhun siminti da aka kakkaɓe, a buɗe ta ƙasa. Ledar roba ba ta yi, gumi take tarawa ta ƙara ruɓar da su.

Ba za a jira su bushe a sama ba. Nono uku an sare su ɗanye, yadda ake sayarwa a kasuwa a wannan lokaci. Sauran ana tsintar waɗanda bakinsu ya yi laushi kowace safiya, a shanya a faifai a rufe da yadin gidan sauro, a shigar da su in hadari ya taso.

15 Satumba 2024

Tsofaffin ganyen Roystonea sun yi ɗigo-ɗigon ruwan lemo, bakinsu ya bushe. Ƙarancin fotash ne, damina ta wanke shi daga rairayi. Na kwakwa kuma gefen ganyen ya yi rawaya tsakiyar na kore, wannan magnesiyam ne. Takin NPK 15-15-15 shi kaɗai yana tura sabon ganye, bishiyar ta ƙara zuƙe fotash daga tsofaffin. An ba kowace gram 100 na NPK, gram 50 na takin fotash, kwakwa kuma an ƙara mata cokali uku na gishirin Epsom mai magnesiyam, an barbaɗa a zagaye rabin mita daga gindi aka bi da ruwa. Ganyen da suka yi rawaya an bar su har su bushe da kansu, bishiyar na cin abin da ke cikinsu. Waɗanda suka lalace ba za su dawo kore ba, a sababbin za a ga sauyi.

An samu ƙwayar kajinjiri daga bakin fadama, an shuka sabuwa, don ba ta jure ajiya kamar ƙwallon dabino. Yana son laima fiye da dabino, saboda haka lungun yamma da ya kashe ɗan gindin bara shi aka ware masa.

10 Nuwamba 2024

Ɗan gindin da ya rayu ya yi sabbin ganye shida, an cire masa buhu tun bara. In ya fitar da kube a wannan hunturu za a sare, ƙarfinsa ya tafi a saiwa. Dabinon leda an dasa huɗu a layin kudu, sauran an rarraba wa maƙwabta tare da bayanin cewa ba a san jinsinsu ba. Goribar bututu ta koma ƙasa a Yuli ba tare da ta yi yaushi ba, ganyenta uku, an fara ganin mai faɗi. Giginya biyu ne yanzu, kowace ganye biyu, kuma za su shekara da yawa a haka kafin gangar jiki ta bayyana. Kajinjiri ya tsiro.

Farin ƙwaro mai mannewa kamar ɓawo ya bayyana a ƙananan ganyen uwar dabino, ta wajen da ƙura ke taruwa. An sare biyun da suka fi kamuwa aka ƙone, sauran aka wanke da ruwan sabulu da man darbejiya, cokali biyu a lita ɗaya, da yamma. Za a maimaita bayan kwana goma. Kafin ƙarshen Disamba akwai sare ƙaya, gyaran tsani, kafa zanar kwakwa, da tara ƙasa a gindin ɗan da za a cira a damina mai zuwa.